Shokazobar babur ɗin shiga daji: me ya kamata in fara canzawa?

Tambaya: Ina da babur na shiga daji, irin mai dogayen ƙafafun nan. Nauyina da hular kwano da takalmi da sauran kayan kariya ya kai kilo 95. In na faɗa rami ko na diro daga ɗan tudu, bayan babur ɗin yakan kai ƙarshe ya buga, har in ji a ƙuguna. In na shiga wurin duwatsu gaban yana dukan tafin hannuna, in na kama birki kuma ya yi ƙasa sosai. Wasu sun ce in sayi shokazobar baya ta babban kamfani, wasu sun ce in ciro ƙafafun gaban babur ɗin tsere in ɗaura. Da wanne zan fara?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka fara da ko ɗaya daga cikinsu. Mai yiwuwa a ƙarshe ka sayi shokazobar, kuma zan faɗa maka lokacin da sayen yake da ma'ana. Amma abubuwa ukun da ka lissafa, bugun baya da dukan hannu da nutsewar gaba, galibi tushensu ɗaya: sifirin ɗin da ke cikin babur ɗin ba na nauyinka ba ne, man da ke ciki kuma ya gaji. Kamfani bai san wanda zai sayi babur ba, don haka sifirin na matsakaicin mutum yake sakawa. Littafin baburan KTM ya rubuta ƙarara cewa an saita su ne don mahayi mai kilo 75 zuwa 85 da kayan kariyarsa a jiki. Kai ka haura ƙarshen wannan da kilo 10. Baburan da ake yi don kwalta da daji a haɗe, irin su Honda CRF300L, sun ma fi haka laushi, domin daɗin zama aka fi kula da shi a kansu, ba dira ba.

Dukan hannun nan shi ke rikita mutane. Mutum ya ji gaba yana dukansa, sai ya ce ya yi tauri, a sassauta. Sau da yawa akasin haka ne. Ƙafafun gaba, wato fok, da shokazobar baya duk an yi su ne su yi laushi a farkon shigarsu su yi tauri a ƙarshenta. A gaba akwai iskar da ke kulle a saman mai, kuma iya shigar fok iya matsuwar iskar da turjiyarta. A baya kuwa gaɓoɓin ƙarfen da ke ƙarƙashin shokazoba an lissafa su yadda tauri zai riƙa ƙaruwa yayin da taya ke hawa sama. To in sifirin ya yi maka laushi, da zamanka kaɗai ka cinye sashen mai laushin. Babur yana tafiya a durƙushe, duk dutsen da ya tara a sashe mai tauri zai same shi. In ka ƙara sassautawa, ka ƙara durƙusar da shi ne. Shi ya sa za ka ga an sa wa babur sifirin mafi ƙarfi, mai shi ya zaga ya dawo yana mamakin yadda ya yi laushi.

Aiki biyu ne a cikin kowace shokazoba. Sifirin shi ke ɗaukar nauyi, shi ke yanke iya inda babur zai zauna. Mai kuma shi ke yanke saurin shiga da saurin dawowa, saboda ana tilasta masa bi ta ƙananan ƙofofi, ƙarfin dukan ya koma zafi. Wannan na biyun zan riƙa kiransa riƙon mai. Ɗaya ba ya yin aikin ɗaya. Duk yadda ka ƙulle riƙon mai ba zai ɗauki kilo goman da suka ƙaru ba, sai dai ya jinkirta nutsewar, ya kuma ƙara maka duka.

Kafin a zo maganar sifirin ma, a tabbatar abin da ke akwai yana aiki. Ɗaga babur yadda tayar baya za ta bar ƙasa, ka kama ta ka ɗan ɗaga sama ka saki. In ka ji ƙwas-ƙwas kafin shokazoba ta fara turjewa, boris ɗin gaɓoɓin ƙasa ya ci. Wurin nan shi ne mafi shan ruwa da laka a babur, kuma shi aka fi mantawa da shi. In aka kwance wanda ya daɗe bai ga giris ba, siraran sandunan boris ɗin sukan zubo a hannu jajaye da tsatsa, wasu sun dunƙule sun manne, wasu sun zama gari. Babur mai irin wannan ciwon ko shokazobar zakaran duniya ka ɗaura masa ba zai yi laushi ba. Haka boris ɗin hannun baya, wato ƙarfen da ke riƙe tayar baya, da na wuyan babur.

Sai man fok. Sabonsa garai yake, amma wanda ya wuce lokacinsa toka-toka yake fitowa, da wari, kana ganin ƙyallin garin alminiyon a cikinsa. Littattafan baburan tsere da yawa suna so a duba fok da shokazoba a kusan kowace awa 40 ta hawa. Mai hawa don nishaɗi ba lallai ya bi wannan sak ba, amma kada shekara ta zagayo da mai ɗaya. A lokacin canza man a duba sil, wato robar da ke hana mai zuba, da bushin, wato zoben da bututun fok ke zamewa a kansa, domin bushin da fatarsa ta goge yakan sa fok ya riƙa maƙalewa.

Akwai kuma dukan hannun da babu ruwansa da cikin fok, ɗauri ne kawai. Notunan maƙallin ƙasa da ke riƙe fok ƙaramin ɗauri suke so, galibi bai wuce Nm 20 da 'yan kai a ma'aunin ƙarfin ɗauri ba, wasu ma ƙasa da haka sosai. Bututun fok ɗin na alminiyon ne marar kauri. In aka danne shi da ƙarfin damtse yakan ɗan matse, bushin ya zo wucewa ta wurin ya cije. A yi amfani da sifana mai auna ƙarfi, a bi adadin da ke littafin babur. Haka nan wajen mayar da tayar gaba: a ɗaure aksul da notunan gefe ɗaya, a bar na ɗaya gefen a sake, a kama birki a danna gaba da ƙarfi sau da yawa har ƙafar ta sami mazauninta, sannan a ɗaure. In ba a yi haka ba ƙafafun biyu ba za su tsaya daidai da juna ba, za su riƙa gogar juna da kansu a ciki. Ka kuma ɗaga tayar gaba ka kwance ɗan sukurun da ke saman fok, in naka yana da shi, iskar da ta taru ta fita. Iskar taya ita ma a duba: a daji yawancin mahaya tsakanin psi 12 da 15 suke tafiya. Wanda ya shiga duwatsu da iskar kwalta, taya ce ke dukansa.

Yanzu awo. Wannan shi ne zuciyar maganar, kuma abin da yake buƙata tef ne da mutum biyu masu taimako. Abin da za a auna shi ne lotsawa, wato iya yadda bayan babur ke sauka in an hau shi.

Ɗora babur a kan abin da zai ɗaga tayar baya sama, shokazoba ta miƙe gaba ɗaya. Auna daga tsakiyar aksul na baya zuwa wani wuri a jikin babur da ke samansa kai tsaye, ka sa alama a wurin don kada ya canza. A ce ka sami milimita 600. Sauke babur ƙasa a wuri mai daidai, ka hau da duk kayan da kake hawa da su, har jakar ruwa in kana goya ta, tanki kuma da mai kamar yadda ka saba fita. Ƙafafunka biyu su kasance a kan matakai, mutum ɗaya ya riƙe gaban babur don kada ka faɗi, ba tare da ya danna ko ya ɗaga ba. Ka ɗan girgiza babur ya zauna, na biyun ya auna. A ce ya sami 470. Ka cire daga 600, saura 130. Wannan ita ce lotsawar mahayi. A babban babur ɗin daji mai tafiyar taya, wato iya hawa da saukar da take yi, ta kusan milimita 300, abin da ake nema 100 zuwa 105 ne, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na tafiyar. In tafiyar naka 260 ce, ka nemi wajen 80 zuwa 85. Da 130 kuwa babur ya zauna da yawa: gaba ya ɗaga, kwana ta yi nauyi, ragowar tafiyar da za ta tari rami ta ragu.

A saman sifirin na baya akwai zobe mai zare, wani lokaci biyu, ɗaya yana kulle ɗaya. Ka wanke zaren, ka ɗaga tayar baya, ka matsa zoben ƙasa. Zagaye ɗaya yakan canza lotsawa da milimita 2 zuwa 3. Ka ci gaba kana aunawa har ka sami 105.

Daga nan sai awo na uku, wanda shi zai gaya maka ko za ka sayi sifirin. Sauka, a riƙe babur a tsaye shi kaɗai, a ɗan danna bayansa a saki a hankali, a auna. Bambancin wannan da awon farko ita ce lotsawar babur da nauyin kansa, kuma a babur mai tafiyar 300 ana so ta faɗa tsakanin 30 da 40. Karanta ta yana son natsuwa, domin a juye take zuwa wa mutum. In ta yi kaɗan, kamar 15 ko 10 ko ma babu, sifirin ya yi maka laushi. Dalili kuwa, sai da ka matse zoben sosai kafin ya iya ɗaukarka, kuma matsin nan ya isa ya ɗage babur har sama da zarar ka sauka. In ta yi yawa, kamar 50, sifirin ya yi maka ƙarfi: ka sassauta zoben kusan duka don ka samu ya sauka da kai, har babur shi kaɗai ya zube. Da kilo 95 a kan sifirin na kamfani, na farkon za ka gani.

Kada kowa ya ce maka matse zobe ya wadatar. Zobe ba ya ƙara wa sifirin ƙarfi ko ƙanƙani. Sifirin da ke buƙatar kilo 5 kafin ya matsu milimita ɗaya haka zai ci gaba da buƙata ko an matse shi ko ba a matse ba. Abin da zobe ke canzawa shi ne inda babur ke fara zama. Sifirin mai laushi da aka matse sosai yana haɗa maka illa biyu: a kan ƙananan tsakuwa ba ya motsi da wuri, taya tana tsalle tana rasa ƙasa, a babban rami kuma ya kai ƙarshe ya buga kamar dā.

Gaba ma ana auna shi haka, sai dai sil da bushin suna riƙe fok, awon ba ya tsayawa wuri ɗaya. Dabarar ita ce a auna sau biyu kana kai: a danna gaba a saki a hankali a auna, a ɗaga a saki a hankali a auna, a ɗauki tsakiya. Tazarar da ke tsakanin awon biyu ita kanta labari ce. In ta yi faɗi, wani abu yana cijewa a ciki, a koma kan ɗauri da bushin.

Sifirin ana rubuta ƙarfinsa da N/mm ko kg/mm, wato ƙarfin da yake buƙata kafin ya matsu milimita ɗaya. A manyan baburan daji na gaba yakan kama daga 4.2 zuwa 5.0 N/mm kowace ƙafa, na baya mai gaɓoɓi kuma daga arba'in da 'yan kai zuwa hamsin da 'yan kai. Baburan KTM masu tsarin PDS, waɗanda shokazobarsu ke zaune kai tsaye a kan hannun baya babu gaɓoɓi, nasu lambar ta fi haka girma, don haka lambar wani babur ba ta aiki a wani. Masu yin sifirin suna da jadawalin nauyi na kowane samfuri, kuma kusan kowane kilo 10 mataki ɗaya ne. Abin da zan roƙe ka shi ne ka canza gaba da baya tare. In ka ƙarfafa baya kaɗai, zai tura nauyi kan gaban da dama yake nutsewa, babur ya riƙa tafiya da ka, yana neman kifar da kai a yashi da gangara. An gudu daga gara an faɗa gidan zago ke nan.

Da sabon sifirin da sabon mai, ka ɗaura siririyar igiyar roba mai zugewa a jikin bututun fok mai sheƙi, ka tura ta jikin sil, ka je ka hau inda ka saba. Inda ta tsaya shi ne iya shigar fok. In a dira mafi girma ta kusa ƙarshe da 'yar tazara, daidai ne. Ko ya taɓa ƙarshe a hankali jefi-jefi ba laifi, ai don a yi amfani da tafiyar aka yi ta. In kuma yana bugawa da ƙara alhali tsakiyar tafiyar ta yi maka daɗi, maganin shi ne tsayin mai. Ƙara mai yana rage iskar da ke sama, ƙaramar iska kuma ta fi saurin tauri, don haka kashi ɗaya cikin uku na ƙarshen tafiyar ne ke ƙarfafa, farkon bai canza ba. Mililita 5 zuwa 10 a kowace ƙafa a lokaci guda, daidai wa daida, kuma kada a wuce iyakar littafi, don in iska ta ƙare fok zai kulle kafin ya kai ƙarshensa, ya fasa sil.

Wata 'yar magana a kan kaurin mai: lambar da ke jikin gora, 5W ko 10W, ba ma'auni ɗaya ba ne tsakanin kamfanoni. Na wannan 5W yana iya kai kaurin 7.5W na wancan. In za ka kwatanta, nemi lambar cSt, ma'aunin ainihin kaurin mai, a zafin digiri 40. Mafi sauƙi, ka tsaya a kan kamfani ɗaya.

Sai sukurorin saiti, in babur ɗinka yana da su. Ɗaya na shiga ne, ɗaya na dawowa, kuma wurin kowanne ya danganta da irin fok, littafi zai nuna maka. Ana ƙirga su daga kulle: ka juya dama a hankali kana ƙirga ƙas-ƙas har ya tsaya, ka rubuta, sannan ka dawo. Kada ka danne shi a ƙarshe, allura ce mai tsini a ciki, tana lalacewa. Mayar da duka kan adadin kamfani. Zaɓi hanya ɗaya gajera mai ramuka da duwatsu da kwana, ka riƙa maimaita ta, kana canza abu ɗaya tak, ƙas biyu a lokaci guda, kana rubutawa. Wanda ya taɓa sukurori huɗu a tashi ɗaya ba zai san wanne ya gyara wanne ya ɓata ba.

Na dawowar ya fi muhimmanci a wurinka, saboda sifirin mai ƙarfi da ƙarfi yake miƙewa, yana son ƙarin riƙo kaɗan. In dawowa ta yi sauri, baya zai riƙa harbinka bayan kowane tudu, babur yana rawa. In ta yi jinkiri, abin ya fi ɓoyuwa: rami na farko lafiya, amma kafin taya ta gama dawowa na biyu ya iso, na uku ya same ta ta ƙara shigewa, kafin na biyar babur ya dunƙule yana duka yana watsa baya hagu da dama. Mahayi sai ya ɗauka shiga ce ta yi tauri, alhali dawowa zai buɗe. A duwatsu da saiwoyi ana son taya ta dawo da wuri ta bi ƙasa. A yashi mai zurfi ana ƙara riƙo gaba da baya don babur ya tsaya a sama.

A shokazobar baya mai kyau za ka ga saitin shiga iri biyu, na a hankali da na sauri. Ba gudun babur ake nufi ba, saurin shigar sandar shokazoba ne. Kama birki, murɗa wuta, hawa tudu mai santsi duk shiga ce a hankali ko da kana sheƙa gudu. Karo da dutse mai kaifin baki shiga ce ta sauri ko da kana tafiyar ƙafa.

In ka yi duk wannan gaba yana nan yana nutsewa a birki yana kuma duka a dutse, to ka iso iyakar abin da ke cikin fok ɗin, kuma a nan kashe kuɗi yake da amfani. Fok iri biyu ne a ciki. Tsohon tsari, wanda ke cikin babura irin su Suzuki DR650 da Kawasaki KLR650, sanda ce mai ramuka, mai yana bi ta ramukan, shi ke nan. Ramin da ba ya canza girma yana da hali ɗaya: in saurin mai ya ninka biyu, turjiyar takan ninka kusan huɗu. Ka ɗauki sirinji cike da ruwa ka tura a hankali, zai tafi ba gardama. Ka buga masa tafin hannu, zai tsaya cak. Haka wannan fok yake, a birki babu riƙo, a dutse ya kulle. Ƙara kaurin mai yana rage nutsewar ya ƙara dukan. Maganin da ya yi suna shi ne ɗan bawul mai sifirin da ake ɗorawa a kan sandar, bayan an faɗaɗa ramukanta da abin huji yadda ba za su ƙara riƙe komai ba. A hankali bawul ɗin yana rufe yana riƙe gaba, in duka ya zo ya buɗe ya bar mai ya wuce. Kamfanin Race Tech, wanda Paul Thede ya kafa a Amurka a 1984, shi ya shahara da shi. A irin waɗannan babura, wannan bawul da sifirin na nauyinka sun fi komai canza gaba.

Sabon tsari kuwa fistin ne mai ƙofofi, an rufe su da siraran fayafayan ƙarfe da aka jera kan juna, kaurin kowanne kamar kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita. In mai ya turo, bakin fayafayan ya lanƙwashe ya buɗe hanya gwargwadon ƙarfin turowar. Yawansu da faɗinsu da yadda aka jera su shi ne halin fok ɗin. Sukurun saiti ɗan hanyar gefe kawai yake buɗewa ko rufewa, shi ya sa ikonsa yake da iyaka. In ka ga ka kai sukuru ƙarshe, a kulle ko a buɗe, kafin babur ya yi maka daidai, fayafayan ne ke son a sake jera su. Wannan aikin gwani ne, kuma gwanin kirki zai tambaye ka nauyinka, irin ƙasar da kake hawa, da iya gudunka. Gaya masa gaskiya. In ka ce kai ɗan tsere ne alhali yawon daji kake yi, zai haɗa maka abin da sai an buga shi da gudu yake motsi. Fok na kamfanin KYB ko Showa ko WP da aka jera wa mutum daidai da hawansa ya fi mai tsadar da aka jera wa wani.

Shokazobar baya fa? Cikinta mai ne da iskar naitirojin a matse, matsin ya kai wajen bar 10, an raba su da roba ko fistin. Amfanin matsin shi ne ya hana mai yin kumfa, domin mai mai kumfa ba ya riƙe komai. In iskar ta zurare ko man ya mutu, za ka ga babur ya fara lafiya, bayan ɗan lokaci a hanya mai ramuka baya ya koma lilo. Saboda matsin nan, kada ka buɗe ta a gida. Yawancin na baburan tsere ana buɗe su a sabunta mai da sil da iska a sake jera fayafai, su koma sababbi. Har waɗanda kamfani ya rufe, akwai gwanayen da ke iya buɗe wasunsu.

Sayen sabuwa yana da ma'ana in taka ba ta da saitin dawowa kwata-kwata, ko ba ta buɗuwa, ko tana mutuwa da zafi duk da an sabunta ta. Ƙananan baburan kwalta da daji da yawa a nan suke faɗawa: ka sa musu sifirin mai ƙarfi, riƙon man da ke ciki ya kasa shawo kansa, kuma babu sukurun ƙarawa. In za ka saya, ko Öhlins ce ko wani kamfani, ka nemi wadda aka yi wa samfurin babur ɗinka musamman, ta zo da sifirin na nauyinka, tana da saitin dawowa, tana da tulun iska na daban don sanyaya mai, kuma ana samun kayan gyaranta. Tsayinta ya zama daidai da na asali. Tun da Hakan Andersson ya ci gasar duniya ta ajin 250 a 1973 a kan Yamaha mai shokazoba ɗaya a baya, sannan Kawasaki da Honda da Suzuki suka biyo da nasu tsare-tsaren masu gaɓoɓi, Uni-Trak da Pro-Link da Full Floater, a wajen 1980 da 1981, shokazoba da gaɓoɓinta tare ake lissafa su. Taya tana tafiya fiye da ninki biyu na abin da sandar shokazoba ke yi, don haka ƙarin milimita 5 a tsayi ya haura 10 a taya. Wannan yana canza kwana, yana canza jan sarƙa. Ita ma guntuwar gaɓar da ake sakawa don rage tsayin babur tana canza lissafin, takan sa baya ya ƙara laushi, kuma taya tana iya taɓa jikin babur a dira.

Ɗaura fok na babur ɗin tsere shi ne abin da zan fi hana ka. Ba fok kaɗai ake ɗaurawa ba: sandar wuya da boris ɗinta, maƙallai, aksul, taya, faifan birki da mazaunin birkin, abin tsayar da kan babur kada ya bugi tanki, da wayar awon gudu, duk sai an daidaita. Bayan wahalar nan za ka sami fok da aka jera don manyan dirori a kan babur marar nauyi, wanda sai an sake sifirin da fayafai kafin ya yi maka, tsayinsa kuma ya ɗaga gaba ya bar baya a ƙasa. In tsoho za ka saya, ka san abin da ke ciki. A 2013 Honda CRF450R da Kawasaki KX450F sun fito da fok mai iska a maimakon sifirin. Honda ta koma sifirin a 2017, Kawasaki a 2019. Fok mai iska yana da sauƙin nauyi kuma famfo kawai ake saita shi da shi, amma sai an duba iskarsa kafin kowace fita. Shafe-shafen da ake yi wa bututu, irin su Kashima da DLC, suna rage gogayya da gaske, sai dai ribarsu ta wanda ya gama gyara duk sauran ne.

In komai ya zauna, ka tsaya gefen babur ka danna matakin ƙafa da ƙarfi ka saki. Gaba da baya su sauka tare su dawo tare. In kwana tana yi maka nauyi, ka ɗaga fok a cikin maƙallai milimita 2 ko 3, gaba zai sauka ya fi saurin juyawa. In kan babur yana kaɗawa a gudu, ka mayar da fok ƙasa a cikin maƙallai, ko ka ƙara lotsawar baya da milimita biyu zuwa uku. Sabon sifirin yakan ɗan zauna bayan hawan farko, don haka a sake awon lotsawa. In kuma kana ɗaura kaya a baya don tafiya mai nisa, da kayan a kai za a yi awon, kuma nauyinsu yana cikin abin da za ka faɗa wa mai sayar da sifirin.